Kurakuran da ke haɗa manoman rani rigima a kan ruwan kanal

Duk wanda ke noman rani a ɓangaren Kura, Bunkure ko Garun Malam ya san ruwan dam ɗin Tiga ba na gonar mutum ɗaya bane, amma da ya shigo ƙaramin kanal sai kaga kowa ya manta.

Babban kuskure shine na wanda gonarsa ke sama. Ranar sa ta ban-ruwa ta wuce, ruwa ya koma hannun na ƙasa, sai ya lallaɓo cikin dare ya jera buhunan yashi ya tare, ko ya ƙara sayfon, wato bututun da ke zuƙo ruwa daga kanal zuwa gona, wai shinkafa ta fara fidda kai bazai iya jira ba. To na ƙarshen layi fa, albasarsa bata shan ruwa? Wannan shari'ar tun zamanin Annabi (SAW) aka yanke ta, lokacin da Zubairu ya samu saɓani da wani mutumin Madina, akace na sama ya shayar sannan ya saki ruwa ga maƙwabcinsa. Gyaran mai sauƙi ne, in kana buƙatar ƙarin awa je ka samu wanda ranar take tasa kuyi musaya a gaban shugaban ƙungiyar masu amfani da ruwa, a rubuta a littafi, kar a barshi a baki.

Sai fasa bakin kanal da fartanya don ruwa yayi saurin shiga. Ruwa baya tsayawa inda ka ce masa, washegari zaka tarar ya kwanta a gonar maƙwabci tumatir ya ruɓe, kuma ko gaban dagaci akaje ko kotu kai zaka biya ɓarnar, "ban yi da gangan ba" bata sauke diyya. In ka buɗe ruwa ka tsaya a wurin har ka rufe, kada ka barwa yaro ka tafi kasuwa.

Yashe kuma, hukumar Hadejia Jama'are ke kula da dam da manyan kanal, ƙananan da ke shiga gonaki na manoma ne. Wanda yaƙi fitowa gayya har ciyawar kachala da taɓo suka toshe kanal ɗin gaban gonarsa ya hana na bayansa ruwa kenan, ko kazo ko ka turo ɗan ƙodago.

Masu aro ko hayar gona suna yawan faɗawa ramin kuɗin ruwa, mai gona yace na mai noma ne, mai noma yace na mai gona ne, har bashi ya taru. Ku yanke wannan tun kafin a zuba iri, kuma ka karɓi rasit duk sanda ka biya.

Wanke tankin feshi a cikin kanal ma ya zama ruwan dare, alhali a ƙasa shanu na sha, yara na wanka. Ɗebi ruwan a bokiti ka matsa nesa da bakin kanal ka wanke, robar maganin kuma kar a jefa ciki.