Yadda ake jan ragamar mutane idan al'amura sun dagule

Farko dai ka natsu kafin ka buɗe baki. Wallahi mutane fuskarka suke fara karantawa kafin su saurari me za ka ce, in ka ruɗe to shikenan kowa ya ruɗe. Tambayi kanka abu uku, me ya faru, ran wa ke cikin haɗari, minti nawa ya rage mana.

Na biyu, kowa ya san a hannun wa ragama take, sannan ka raba aiki da suna, ba wai "wani ya kira 'yan kwana-kwana" ba, don wani ba ya zuwa. Ranar 15 ga Janairun 2009 jirgin US Airways ya tashi daga New York, tsuntsaye suka faɗa injinansa, duka biyun suka mutu. Nan take matuƙin, Chesley Sullenberger, ya karɓi tuƙi daga mataimakinsa, ya bar masa ƙoƙarin tada injin.

Na uku shi ne mai wuyar, kuma a nan na fi ganin shugabanni na faɗuwa. Ka yanke shawara da ɗan bayanin da ke hannunka. Cikakken bayani ba zai zo ba sai bayan aikin gama ya gama, kai kana ta kiran mitin ana kafa kwamiti wuta kuma na ci. Shi ma Sullenberger an ba shi damar ya juyo filin jirgi, ya auna ya ga ba zai kai ba, sai ya haƙura da jirgin ya sauke shi a kan kogin Hudson, duk cikin ƙasa da minti huɗu, mutum 155 da ke ciki ba wanda ya rasu. Wanda ya fi ka sanin abin ka saurare shi ko da yaronka ne, amma kar ka jingina masa nauyin hukuncin, naka ne.

Na huɗu, ka faɗa wa jama'arka gaskiya, kuma ka riƙa dawowa da bayani akai-akai. In ka yi shiru jita-jita ce za ta yi magana a madadinka.

Sai kuma adalci wajen rabon wahala, wannan yana taɓa min zuciya sosai. A 2010 mahaƙa 33 sun maƙale a ƙarƙashin ƙasa a Chile, zurfin kusan mita 700, kwana 17 ba wanda ya san ko suna raye. Shugaban aikinsu Luis Urzúa ya tsaya aka riƙa raba ɗan abincin da ya rage ƙanƙan-ƙanƙan, kowa daidai da kowa, aka kuma ba kowa aikin yi don kar zaman tunani ya karya su. Bayan kwana 69 aka fara zaro su ɗaya bayan ɗaya, shi ya jira sai da mutum 32 suka fita sannan shi ma ya fito.