Yadda 'yar Hausa a Sudan za ta fara wasan kwaikwayo

Ƙanwata, ko a Maiurno kike, ko Gadarif ko Kasala, in wasan kwaikwayo ya shiga ranki, ki fara da gida. Kada ki yi a ɓoye. Aisha Falatiya, 'yarmu Bahaushiya da aka haifa a Kasala, sai da ta sha fama da mahaifinta malami kafin a ji muryarta a rediyon Omdurman a 1942. Waƙa ta yi, amma ƙofar gida ɗaya ce. Ki samu goggo ko kawun da Baba ke jin maganarsa, ki karanta masa labarin da za ki fito a ciki, ki gayyace shi ya zauna wurin atisaye. Wanda ya gani da idonsa ba a kawo masa gulma.

Sai murya, kuma a nan nake so ki daɗe. Ki tsaya a ƙarshen tsakar gida, ƙaninki ya tsaya a zaure, ki faɗi jimla ɗaya ya ji ta sarai ba tare da kin yi ihu ba. Ki dafa cikinki da tafin hannu: in kin ja numfashi ciki ne zai taso, kafaɗu su tsaya cik. Minti 15 kullum bayan asuba ya isa. Ki yi da Hausa, ki sake da Larabcin Sudan. Na ga 'yan mata suna jin kunyar Hausarsu a gaban darakta, abin yana yi mini ciwo, domin mai jin yare biyu tana iya ɗaukar rawar da wata ba za ta iya ba.

Na uku, dandamali kafin kyamara. Na makaranta, na ƙungiyar unguwa, ko rumfar sansanin 'yan gudun hijira, duk dandamali ne. Asiya Abdulmajid, wadda ake kira macen farko da ta riƙi wasan dandamali sana'a a Sudan, ta yi suna ne a 1965 a babban gidan wasan ƙasa na Omdurman, wanda aka buɗe a 1959. Daga baya ta koma koyar da ƙananan yara. Harsashi ya same ta a Bahri a watan Mayun 2023, aka binne ta a harabar makarantar yaran da take aiki. Allah ya jiƙanta. In kina haddace naki zancen, ki haddace na abokin wasanki ma, don ranar da ya ɓata ke ce za ki mayar da shi kan hanya.

Kyamara kuwa halinta daban. A dandamali kina yi wa na sahun baya wasa ne, ita kuwa tana kama ko motsin gira. Ki jingina waya a jikin tulu, ki ɗauki kanki kina sauraron mummunan labari, ba magana. Ki kalla. Za ki ga kin yi yawa. Ki rage rabi, ki sake ɗauka. Iman Yusuf daga dandamali da waƙa ta fito, sannan ta zama jarumar fim ɗin Sudan na farko da ya shiga bikin fina-finai na Kan a Faransa a 2023.

Karatu: kwalejin kiɗa da wasan kwaikwayo da aka kafa a Khartum a 1969 tana ƙarƙashin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan. Ki sa ta a ranki.

Ranar da aka kira ki aiki, ki tafi da yayanki ko goggonki. Ki nemi a rubuta kuɗinki, da kwanakin ɗauka, da irin suturar da za ki sa. Ki karanta labarin har ƙarshe kafin ki sa hannu, ki kuma riƙe kwafinki.