Kurakuran da aka fi yi a masana'antar narkar da ƙarfe, da yadda za a gyara su

Duk wanda ya saba bin hanyar Garwa zuwa Ngaundare ya san tirelolin nan da ake labta wa tsofaffin ƙarafa har suna rangaji, sun nufi Duwala. Can ake narkar da kayan, su dawo mana a matsayin rodin gini, mu saya da tsada. Shi ya sa duk ranar da aka ce wani mai hali zai kafa masana'antar narkar da ƙarfe a nan arewacin Kamaru sai ka ga ana murna, kuma ni ma ina cikin masu murnar. Na yi shekaru ina aiki a gaban tukunyar narka ƙarfe a kudu kafin in dawo gida. Na ci albarkacin sana'ar, na kuma ga tarin da ba ya jin magani a ƙirjin abokan aikina. Yawancin cutarwar da na gani daga sakaci ta fito, irin sakacin da kuɗi kaɗan da sa ido za su magance.

Zuba duk abin da aka kawo

Babban kuskure a bakin ƙofa yake faruwa, tun kafin a kunna wuta. 'Yan gwangwan su kawo kaya, a ɗora a sikeli, a biya su, a kwashe zuwa tukunya. Ba wanda ya tsaya tsincewa, don kowa kilo yake kallo.

To me ke cikin tulin nan? Akwai kwanon rufi mai rufin tutiya. Akwai ƙofar mota da fentinta da robarta. Akwai matatar mai da baƙin mai cike a cikinta, da waya mai rigar roba, wani lokaci har da batirin mota da aka cusa a tsakiya don ya ƙara nauyi. Ƙarfe sai zafi ya haura digiri 1,500 yake narkewa. Kafin a kai nan, tutiya da dalma sun riga sun tashi sun bi iska, fenti da roba kuwa sun ƙone sun ba da hayaƙi mai ɗauke da gubar da ake kira dayoksin, wadda ba ta ruɓewa da wuri, tana taruwa a kitsen dabba da nono da ƙwai. Abin da aka zuba a tukunya shi maƙwabta za su shaƙa.

Gyaran ba ya buƙatar injin Turai. A ware fili mai daɓen siminti, a sa mutane su tsince. Batiri gefe guda, a ƙarƙashin rumfa. Roba da taya da katifar kujera gefe guda. Duk abin da ke da mai a ciki a tsiyaye shi a ganga. Sannan a yi farashi biyu, kaya mai tsabta ya fi kuɗi. Na taɓa jin wani dillali yana cewa, "Alhaji, in ka rage mini kuɗin mai datti, gobe da kaina zan tsince kafin in kawo." Haka kuwa aka yi.

Kada kuma a ƙona waya ko taya a fili don a cire roba. Wannan hayaƙin ba ya bi ta kowace matata, kai tsaye cikin gidajen mutane yake shiga.

Akwai abubuwa uku da ke kashe mutum nan take, kuma duk a tsincewar nan ake kama su. Na ɗaya, jiƙaƙƙen ƙarfe. Ruwa in ya zama tururi yana kumbura kusan sau 1,700, saboda haka bututun da ruwan sama ya kwana a cikinsa, in ya nutse a narkakken ƙarfe, bam ne. Da damina sai an rufe kayan, ko a busar da su kafin a zuba. Na biyu, rufaffen abu, kamar tukunyar gas ko shokin mota: a huda ko a yanka tukuna. A yankinmu dole a ƙara da ragowar makamai, musamman kayan da suka fito daga wajejen Tafkin Cadi ko arewacin Cadi, inda yaƙi ya bar harsasan da ba su fashe ba. Na uku shi ne wanda ido ba ya gani. A ƙarshen 1983, a garin Huwares na ƙasar Meksiko, an sayar wa 'yan gwangwan wata tsohuwar na'urar asibiti ta gashin ciwon daji. An narkar da ita cikin sauran kaya, aka yi dubban tan na rodi mai fitar da tiririn nukiliya mai cutarwa. Ba a gane ba sai a Janairun 1984, da wata mota ɗauke da rodin ta gifta na'urar awo a Amurka, kuma sai da aka rushe gidaje da dama da aka gina da shi. Na'urar awon nan a bakin ƙofa, ko da ta hannu ce, ba abin raina wa ba ce.

Dogon bututu, da matatar da ake kashewa da dare

Mutane da yawa sun ɗauka in bututun hayaƙi ya yi tsawo an gama. Tsawo yana dai kai ƙurar unguwa ta gaba. Abin da ake bukata shi ne murfi a kan tukunyar da zai zuƙe hayaƙin daga tushe, ya kai shi ɗakin jakunkunan tacewa, inda ƙura za ta maƙale a jikin ƙyalle. In ka ga hayaƙi na fita ta ƙarƙashin rufin masana'anta ko ta tagogi, murfin ba ya aiki, komai kyan bututun.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wanda ya sayi matata mai tsada sannan ya riƙa kashe fankar zuƙa da dare don rage kuɗin wuta, tunda ba mai gani. Dare kuwa shi ne mafi muni. A lokacin hunturu iskar asuba ba ta tashi sama, hayaƙi kwanciya yake yi a kan gari kamar bargo, daidai lokacin da yara ke barci. Mun san ƙarancin wuta a arewa, madatsar Lagdo da megawat 72 ɗinta ba ta wadatar da mu, amma fankar nan ƙalilan take ci in aka kwatanta da tukunyar kanta. A haɗa su a layi ɗaya, yadda tukunya ba za ta kama ba sai fanka na juyawa. A riƙa duba jakunkunan kuma, don tartsatsi ɗaya yana huda jaka, jaka ɗaya mai huda kuwa ta ɓata aikin ɗari.

Ƙurar da aka tara

An tace hayaƙi, an samu ƙura. Babbar tukunyar lantarki tana bayar da kilo 10 zuwa 20 na ƙurar nan a kowane tan na ƙarfe. Ina ake kai ta? A wurare da yawa bayan katanga ake jibge ta, iska ta kwashi rabi, ruwan sama ya tafi da sauran. Na taɓa ganin manomi ya zo da amalanke yana roƙo a ba shi, ya ɗauka toka ce irin ta murhu da zai zuba a gonar albasa. Wannan ba toka ba ce, tutiya ce da dalma da wani ƙarfe mai guba da ake kira kadmiyom.

Wanda bai san illar ƙurar dalma ba ya tambayi 'yan'uwanmu na Zamfara. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, saboda dalmar da ke cikin ƙurar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani mizanin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara ta fi saurin kamuwa. Don haka ƙurar matata a buhu mai ɗaure take zama, a ɗaki mai rufi da daɓe, a rubuta nawa ta shiga, nawa ta fita, wa ya karɓa. Ana iya dunƙule wani kaso a mayar tukunya, ana iya sayar wa masu cire tutiya. Ba a ba manomi, ba a cike rami da ita.

Kashin ƙarfe, wato dattin da ke tasowa a saman narkakken ƙarfe, wanda kakanninmu ke kira kashin maƙera, ya fi sauƙi. A bi shi da maganaɗisu a cire ƙarfen da ya rage, a bar shi ya sha iska da ruwa na wasu watanni kafin a yi cikon hanya da shi, don sabo yakan kumbura ya fasa abin da aka ɗora masa.

Ruwa

A Marwa, in rani ya yi, mata a yashin Mayo Kaliyawo suke tona rami su ɗebi ruwa. A Garwa masunta da masu lambu da Binuwai suka dogara, kamar yadda mutanen Kusiri da Njamena suka dogara da Logon da Shari. Duk wanda ya bar baƙin mai da tsatsa suka bi kwata zuwa kogi, a randar mutane ya zuba su. Ruwan sanyaya inji a riƙa juya shi ana sake amfani da shi. Ruwan da ya wanke filin gwangwan ya fara shiga ramin da datti zai kwanta, mai ya taso a kwashe, kafin ya bar harabar. Kafin a fara aiki a auna ruwan rijiyoyin maƙwabta a ajiye sakamakon, don in rigima ta taso gobe a san daga ina aka fara.

Madara da rawani

Ma'aikata ma suna da nasu. Kusan duk inda na yi aiki ana raba gwangwanin madara, wai tana wanke hayaƙi. Madara abinci ce mai kyau, amma ciki take zuwa, hayaƙi kuwa huhu. Naɗa rawani ko hankici a hanci ma ba ya tare ƙura mai laushi irin wannan, sai takunkumi na ainihi mai matata, wanda ya kama fuska. Zazzaɓi da ciwon jikin da ke kama mutum da dare bayan an narkar da kwano, sau da yawa hayaƙin tutiya ne, ana ta shan maganin cizon sauro a banza. A toshe kunne a inda sai ka ɗaga murya na kusa da kai zai ji ka. Kuma don Allah, ɗan'uwa, kada ka koma gida da kayan aiki. Ka yi wanka a can, ka sauya tufafi, don yaron da zai rugo ya rungume ka shi zai kwashi abin da ke jikin rigar.

Sa hannu ba a karanta ba

Dokar muhalli ta Kamaru ta 5 ga Agusta 1996, da ta Cadi ta 17 ga Agusta 1998, duk sun wajabta a yi nazarin illa ga muhalli kafin a fara irin wannan aiki, kuma a Kamaru tsarin ya haɗa da jin ta bakin jama'ar wurin. Kuskuren namu shi ne a kira taro, jauro da lawan da dattawa su zo, a karanta takarda da Faransanci, a sa hannu, a watse. Ku nemi a fassara muku da Hausa da Fulatanci. Ku tuna wa masu nazarin cewa iskarmu biyu ce, ta hunturu daga arewa maso gabas, ta damina daga kudu maso yamma, saboda haka kada makaranta ko asibiti ko gidaje su faɗo a kan ɗayan layukan nan. Ku tambayi inda za a ajiye ƙurar matata, da wanda zai auna hayaƙin, da sau nawa a shekara. Ku nemi a rubuta sunan mutumin da za a buga wa waya in an ga hayaƙi da tsakar dare, a kuma bar kwafin takardar a hannun jauro.