Yadda za ki haɗa jirgin sama na kan gato da hannunki

Salam 'yan uwa mata, masu tambaya ta yaya ake yin ɗan jirgin saman nan da ake kafawa a kan gato, wato kek, in yaro zai yi aniversa, bikin zagayowar ranar haihuwa, ko za a taro alhaji, to ga yadda nake yin nawa. Tun farko dai shawarata ki yi shi da kwali, ki bar maganar na sukari, domin fondan, wato kwaɓin sukarin da ake adon gato da shi, da zafin Garwa ba sa shiri ko kaɗan, a watan Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, kafin baƙi su gama zama fukafukan sun langaɓe, da damina kuma sukarin janyo raɓa yake ya riƙa naso. Lokacin hunturu ne kawai yake bushewa da kyau, shi ma sai kin zuba masa garin CMC mai sa fondan ya yi tauri kin ba shi kamar kwana biyu. Na kwali kuwa ba ruwansa da firji ko ɗaukewar wuta, in an gama biki yaro ya ɗauki abinsa ya yi wasa.

Kayan ba wasu masu yawa ba ne, takarda mai kauri da ake kira biristol wadda ake samu wajen masu sayar da kayan makaranta, kwalin biskit ko na madara mara maiƙo, almakashi, reza, gam, sikoc fari wato salatif, tsinken tsire sabo guda biyu, bututun shan lemo, sai makan rubutu kala-kala. In kina da bindigar gam ya fi sauri amma ba dole ba.

Ki fara auna gaton kafin ki zana komai. In faɗinsa santimita 20 ne, jirgi mai tsawon 12 zuwa 14 ya isa, ya wuce haka zai danne adon gaton ya koma kamar an ɗora masa kaya. Sai ki zaɓi irin jirgin. Akwai ƙaramin mai farfela a hanci, fiffikensa a miƙe, shi ya fi sauƙi kuma yara ƙanana sun fi son shi, akwai babban na fasinja irin Boeing 737 wanda fukafukansa suka karkata baya, injin ɗaya rataye a ƙarƙashin kowanne. In na alhaji ne ko hajiya ki yi babban, tunda a babban jirgin fasinja suka tashi daga filin jirgin Garwa ko na Hassan Djamous a Njamena.

Ki zana gangar jikin ta gefe tare da jelar da ta miƙe sama, ki yanka guda biyu iri ɗaya a biristol, ɗaya kuma a kwali don ya zauna a tsakiya ya ba shi ƙarfi. Dabarar duk a nan take, kafin ki manna su ki kwantar da tsinkayen tsiren nan biyu a kan kwalin, tsakaninsu kamar yatsu uku, ki bi su da sikoc sannan ki rufe da biristol gefe da gefe. Tsinke ɗaya ba ya yi, jirgin juyawa zai ta yi ko fanka aka kunna ya ba baƙi baya. Kuma kada ki kafa tsinkayen a tsaye cak da jikin, ki ɗan karkatar da su yadda hancin zai kalli sama kamar yanzu ya tashi, wanda hancinsa ya kalli ƙasa ba wanda zai so ganinsa a gaton matafiyi. Ki danne shi da littafi mai nauyi har gam ɗin ya kama.

Fiffike kada ki yanka biyu ki ce za ki manna ɗaya nan ɗaya can, faɗuwa suke. Ki yanka shi dogo guda ɗaya, tsawonsa kusan daidai da na jikin, sai ki tsaga jikin da reza a kwance, gaba kaɗan da tsakiya kuma sama da inda tsinkayen suka tsaya, ki zura shi ya ɓullo ta ɗaya gefen, ɗigon gam sama da ƙasa shikenan. Haka za ki yi wa ƙaramin fiffiken jela. Tsagar ta zama matsattsiya, gara ki sha wahalar turawa da a ce tana lilo. Injin kuma guntun bututun lemo ne ki naɗe da takarda ki manna ƙarƙashin fiffike, farfela ƴar takarda ce ki soke da allura mai kai a hanci, amma in yaron bai kai shekara uku ba ki manna ta da gam kawai ki bar allura.

Wajen kala ni na fi son farin jiki da layi uku a jela, kore ja da rawaya in a nan Kamaru ne, mutanen Chadi su sa shuɗi rawaya da ja. Tagogi ɗigo-ɗigo da baƙin maka, ki ja layi da fensir tukuna don kar su hau su sauka. Ga wasu ƙananan abubuwa biyu da ke sa wanda ya san jirgi ya yi murmushi, na farko fitilar bakin fiffike, na hagu ja ce na dama koriya, haka take a kowane jirgi, na biyu lambar jiki, jiragen Kamaru da TJ suke farawa na Chadi da TT, sai ki rubuta TJ ki ja ɗan layi ki ƙara harufa uku daga sunan yaron kusa da jela. Shekarunsa kuma a kan jelar da babban rubutu.

Tsabta fa, takarda da maka ba abin ci ba ne, ki bar tazarar yatsu biyu ko uku tsakanin cikin jirgin da kirim, in ya taɓa maiƙo zai hau takardar ya ɓata ta. Ki datse tsinin tsinken, ki zura ɓangaren da zai shiga gato cikin bututun lemo mai tsabta, ya nutse kamar kashi biyu cikin uku na kaurin gaton. Ƙyalƙyali na kanti kuma ki rabu da shi, zuba yake a kan kirim.

Gajimare wasu auduga suke sawa, tana da kyau a hoto amma ni ba na so saboda kyandir, wuta kaɗan ta lashe ta, ga zarenta na maƙalewa a kirim. Ki matsa farin kirim dunƙule-dunƙule ko ki jera mashmalo a gindin tsinkayen, ya rufe su kuma a cinye. Kyandir ɗin ki kai shi can gaba bakin gaton, nesa da fiffike, ta inda in yaro ya hura ba zai koro harshen wutar wajen jirgin ba.

In za a kai gaton wata unguwa a kan kilando, wato babur ɗin haya, kada ki kafa jirgin tun daga gida, gargadar hanya za ta sa tsinkayen su buɗa ramin har ya daina tsayuwa. Ki sa shi a kwalinsa daban, sai an ajiye gaton a tebur ki kafa, sau ɗaya, ba a cirewa a sake sokawa.