Yadda ake gyara baƙin allo bayan sabunta direban NVIDIA a Ubuntu

Ka sabunta manhajoji da dare, da safe ka kunna kwamfuta allo ya yi baƙi ƙirin. Kada ka yi saurin kai ta wurin mai gyara a goge komai. Fayilolinka suna nan. Galibi kanel, wato zuciyar tsarin Ubuntu, ce ta sabunta, amma direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin hoto na NVIDIA, bai bi ta ba.

Danna Ctrl+Alt+F3 don buɗe allon rubuta umarni, ka shiga da sunanka da kalmar sirri. In ko wannan ya ƙi, sake kunnawa kana riƙe da Shift ko kana danna Esc har GRUB, wato jerin zaɓin tayar da kwamfuta, ya fito, ka shiga Advanced options ka zaɓi kanel ta baya. Sau da yawa nan take hoto ke dawowa.

A nan Maradi abin da zan fara zargi shi ne wuta. In aka ɗauke ta ana tsakiyar sabuntawa, ga batirin kwamfutar hannu ya riga ya mutu, aikin rabi da rabi yake tsayawa. Ƙarasa shi:

sudo dpkg --configure -a
sudo apt --fix-broken install

Sannan rubuta nvidia-smi. In ya ce "Driver/library version mismatch", sabon direba ya sauka amma tsohon ne ke aiki, sake kunnawa kawai ya wadatar. In ya ce ya kasa magana da direba, rubuta uname -r (yana nuna kanel ɗinka) da dkms status (yana nuna direbobin da aka gina) ka gani ko an gina direban don kanel ɗin da kake kai. In ba a gina ba, rubuta sudo apt install linux-headers-$(uname -r). Duba kuma mokutil --sb-state, domin Secure Boot, tsarin tsaro na lokacin kunna kwamfuta, yana hana direban da ba shi da sa hannun amincewa tashi.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne tsohon kati. Yawancin injinanmu tsofaffi ne da aka riga aka yi amfani da su, kuma katunan NVIDIA ƙirar Kepler irin su GTX 760 da Quadro K2100M sun tsaya a direba 470. Ka ɗora musu 535 ko abin da ya fi shi, ba za su tashi ba ko ka kwana kana gwadawa. Sabo ba kullum ne ya fi ba. Rubuta ubuntu-drivers devices, zai nuna maka wanda ya dace da katinka.

In duk sun ƙi, share ka sake:

sudo apt purge '^nvidia-.*'
sudo ubuntu-drivers install

Tabbatar kana da isasshiyar data da caji kafin ka fara, fayilolin suna da nauyi. Kuma ni dai ba na ba da shawarar ɗauko direba mai fayil ɗin .run daga shafin NVIDIA a haɗa da wanda aka saka ta umarnin apt, rikici suke yi. In kana son sanin ainihin abin da ya canza daren jiya, yana rubuce a /var/log/apt/history.log.