Yadda Ake Gyara Kwarzanen Fenti da Tsatsar Mota a Gida

Motar da ke bin hanyoyin ƙauyukan Ringim, Ɓaɓura ko Dambatta ba ta rabuwa da tabo. Ƙayar gefen hanyar gona tana ja mata layi tun daga ƙofar gaba har zuwa but, akuya tana hawa kan bonet da kofatonta, tsakuwa kuma tana fallatsowa daga ƙarƙashin taya ta ɓantare fentin madigadi. Mafi yawan wannan ɓarna mai mota zai iya gyara ta da hannunsa a ƙofar gida, ba sai ya kai wa fanalbita a birni ba, muddin ya fara gane zurfinta kafin ya taɓa komai.

Fentin motocin yanzu hawa-hawa ne. A kan ƙarfe akwai firama wadda ke tsare shi daga danshi, sai launin motar, sannan wani shafi garai-garai a sama da masu fenti ke kira kiliya, wanda shi ne mai ba mota sheƙi. A wanke wurin da ruwa da sabulu, a bari ya bushe, sannan a ja farce a kan kwarzanen. Idan farcen ya wuce bai maƙale ba, ɓarnar ta tsaya a kiliya. Idan ya maƙale, kuma ana hango toka-toka a cikin layin, ta kai firama. Idan kuwa ƙarfe ne ke ƙyalli ko ya fara yin ja, wannan aikin ba ya jiran wata mai zuwa.

Kwarzanen da ya tsaya a kiliya ba ya bukatar fenti ko kaɗan. A lakuto man gogen fenti da ake kira kwamfawun a tsumma mai laushi, tsohuwar singiletin auduga ma ta isa, a riƙa murzawa a hankali har layin ya dushe, sannan a bi da folish. Idan ya ƙi fita, a jiƙa samfefa mai lamba 2000 (babbar lamba ta fi laushi, ƙarama ta fi kaushi) cikin ruwa kamar minti 10, a shafa sama-sama ana zuba ruwa, sannan a koma kan kwamfawun. Kiliya ba ta kai kaurin takardar rubutu ba, don haka mai danna hannu da ƙarfi, musamman a kusurwar ƙofa, zai cinye ta ya jawo wa kansa babban aiki. Wasu suna amfani da man goge baki. Yana ɗan rage layi marar zurfi, amma kada a sa rai da abin da ya wuce haka.

Kafin a sayi fenti, a nemo lambar launin motar, domin fari ma iri-iri ne. A yawancin motocin Toyota tana kan takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, kusa da haruffan C/TR. Misali 040 fari ne, 202 kuma baƙi. A Golf da sauran motocin Volkswagen akan same ta cikin but, kusa da ramin safaya taya. A kai wannan lamba wurin masu haɗa fenti, irin waɗanda ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Ni dai a ganina, ya fi kyau a cire murfin tankin mai a tafi da shi, saboda ranar da ta shekara da shekaru tana dukan mota ta riga ta koɗar da launin, kuma mai haɗawa zai gwada da abin da ke hannunsa maimakon abin da lamba ta faɗa kawai.

Siririn layi mai zurfi wanda bai yi tsatsa ba, ana cike shi ne da ƙaramin burushi ko tsinken ashana da aka fiƙe. A ɗiga firama idan ƙarfe ya bayyana, ta bushe, sannan a sa launi kaɗan-kaɗan, sau biyu ko uku, ana barin kowane shafi ya sha iska.

Tsatsa ce ke bukatar haƙuri, kuma a nan ne yawancin masu gyaran gida ke faɗuwa. Abin da ido ke gani ƙarami ne a kan abin da ke ƙarƙashi, domin tsatsa tana bin bayan fenti tana ɗaga shi. Duk inda aka ga fenti ya yi ƙuraje ko ya kumbura kamar bororo, ta riga ta isa can. A ɗauki samfefa mai lamba 80 a kankare wurin, a ci gaba da faɗaɗawa har sai ƙarfe mai haske ya kewaye tabon ta kowane gefe da kamar faɗin yatsa biyu. Tabon da ya fara kamar ƙwayar gyaɗa yana iya ƙarewa da faɗin tafin hannu, kuma hakan ba kuskure ba ne. Wanda ya ji tausayin fenti ya shafa sabo a kan jan ƙarfe, zai ga kumburin ya dawo bayan damina ɗaya.

Bayan kankarewa akan bar ƙananan ramuka masu baƙi-baƙi da samfefa ba ta iya shiga. Nan ake shafa maganin kashe tsatsa, wani ruwa mai sinadarin asid da ke mai da ragowar tsatsar baƙa mai tauri, a bar shi iya lokacin da aka rubuta a jikin kwalbarsa. Daga nan a bi bakin tsohon fentin da samfefa 180, sannan 320, har sai an shafa da yatsa ba a ji tudu tsakanin ƙarfe da fenti ba. Idan wurin ya lotsa, a kwaɓa fila, wato kwaɓin cike lotsawar jikin mota, da ɗan maganin da ke sa ta tauri, a kwaɓa kaɗan domin tana daskarewa cikin 'yan mintoci, a shafa siriri, a goge ta daidaita. Amma idan an danna sukudireba ƙarfen ya huje, aikin ya tashi daga hannun mai gida ya koma na mai walda, wanda zai yanke ruɓaɓɓen ya ɗora sabon ƙarfe. Cusa takarda ko ragar sauro a rami a lulluɓe da fila yaudarar kai ce.

A goge ƙurar da tsumma mai tsabta, a tabbata babu maiƙo. Baƙin man inji da wasu ke shafawa don tsai da tsatsa shi ne babban maƙiyin fenti, sai an wanke shi tas. A rufe kewayen da tsofaffin jaridu da tef na takarda, a fesa firama a ranar da aka kankare ƙarfen, kada a bar shi ya kwana tsirara raɓa ta sauka a kansa. A girgiza gwangwanin feshin sosai, a riƙe shi nesa da jikin mota kamar santimita 25, wato kimanin taƙi guda, a riƙa kai hannu da komowa ba tare da tsayawa wuri ɗaya ba. Shafi siriri sau uku, da hutun minti 10 zuwa 15 a tsakani, ya fi shafi ɗaya mai kauri da zai zubo kamar hawaye. Idan firama ta bushe, a lallaɓa ta da jiƙaƙƙiyar samfefa 600, sannan a fesa launi, a rufe da kiliya. Bayan kwana biyu ko uku ana iya bi da kwamfawun domin sabo ya saje da tsoho, amma folish mai kakin zuma a jinkirta shi kamar wata guda.

Lokacin aikin yana da muhimmanci ƙwarai a yankinmu. Da hunturu ƙura za ta zauna a kan ɗanyen fenti ya yi kaushi, da bazara kuma ƙarfe yakan yi zafin da fenti ke bushewa kafin ya kwanta, a tsakiyar damina kuwa danshi ne matsalar. Mafi dacewa shi ne watan Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa kafin ƙura ta sauko, da hantsi, a inuwar rumfa, bayan an yayyafa ruwa a ƙasa. A guji ƙarƙashin darbejiya saboda ganye da kashin tsuntsaye. A sa takunkumi da safar hannu, a kori yara daga wurin, kuma a nisanta tina, wato ruwan tsinka fenti, da gwangwanin feshi daga murhu da janareto, domin suna kama wuta nan take.

Sauran aikin yana ƙarƙashin mota. Taɓon da ke maƙalewa a cikin madigadi yana riƙe danshi na makonni, don haka a riƙa wanke shi bayan kowace tafiyar damina. A ƙasan kowace ƙofa akwai ƙananan hudoji da ruwa ke fita, a zurara waya a buɗe su idan ƙasa ta toshe. Wanda ke ɗauko buhunan takin zamani, musamman yuriya, ya shimfiɗa leda mai kauri a but ko bayan akori-kura, ya kuma share ya wanke abin da ya zube tun a ranar, domin takin yana jan danshi kuma yana cin ƙarfe da sauri.