Yadda na tsallake Oganik bayan ta kayar da ni

A aji biyu Oganik, wato kemistirin sinadarai masu ɗauke da kabon, ta kayar da ni, sai da na maimaita kwas ɗin. Laifina ne, haddace takardun malami nake yi kamar almajiri da allonsa.

Da na dawo sai na keɓe littafin rubutu guda don zanen matakan haɗuwar sinadarai kawai. Kullum bayan sallar Asuba in rufe takardu, in zana SN1 da SN2 (hanyoyi biyu da wani rukuni ke maye gurbin wani a jikin kabon) da ka, kibiya bayan kibiya. Ka riƙe wannan: kibiya tana tashi ne daga inda ilektron suke, ta sauka inda ake buƙatarsu. Ranar da na gane haka, rabin haddar ta sauka daga kaina. In ka kasa faɗin dalilin da kabon mai rassa uku ya fi bin SN1, da sauranka, koma.

Lissafin mol (ma'aunin yawan sinadari) kuwa, rubuta ma'auni a kowane layi. Mililita 25 lita 0.025 ce, nan maki ke zubewa.

Rahoton lab ka rubuta shi a daren da ka yi gwajin. A taitireshan (ɗiga wani sinadari cikin wani don auna ƙarfinsa) da finolftalin (sinadarin da ke sauya launi), ruwan hoda mai haske na farko da ya tsaya shi ne ƙarshe. In ya rine sosai ka zarce, sake. Kada ka kwafi lambobin abokinka, malamai ba yara ba ne.

Karatun kwana ana gobe jarrabawa? Na gwada, gyangyaɗi na yi a kan takarda. Tsofaffin tambayoyi sun fi mini: mu uku, kowa ya ɗauki babi ya koyar da sauran.